Rasuwar Annabi Musa da Kabarinsa da Aka Ɓoye: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi dawowa a azuzuwan nazarin Littafi Mai Tsarki, da wajen shirya wa'azin jana'iza, da kuma hirar da ke shiga tsakanin Kirista da Musulmi a kan annabin da kowa ke girmamawa. A kowace amsa an raba abin da nassi ya faɗa da abin da masu sharhi suka ƙara, domin yawancin ruɗanin daga cakuɗa biyun nan yake tasowa.

1. A ina Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin rasuwar Musa?

A babi na 34 na Maimaitawar Shari'a, wanda tsohuwar fassara ke kira Kubawar Shari'a. Aya 12 ce kawai, kuma da ita Attaura ta rufe. Musa ya tashi daga filayen Mowab ya hau Dutsen Nebo, zuwa ƙwanƙolin Fisga da ke fuskantar Yariko. Ubangiji ya nuna masa ƙasar alkawari, ya gaya masa ya gani da idonsa amma ba zai haye ba. Ya rasu a can, aka binne shi a kwari daura da Bet-feyor, jama'a suka yi makoki kwana 30, Joshuwa ya karɓi jagoranci.

Wanda ya karanta babin shi kaɗai zai rasa rabin zancen. Sai a haɗa da Littafin Ƙidaya 20:1-13 (abin da ya faru a Meriba), 27:12-23 (naɗin Joshuwa), Maimaitawar Shari'a 3:23-29 (roƙon da aka ƙi karɓa) da 32:48-52 (umarnin hawa dutse).

2. Shekararsa nawa? Rashin lafiya ce ta kashe shi?

Shekara 120. Fitowa 7:7 ta ce yana da 80 lokacin da ya tsaya gaban Fir'auna, sai a ƙara 40 na jeji. Istifanus, a Ayyukan Manzanni 7, shi ya kasa rayuwar uku: 40 a Masar, 40 a Madayana, 40 a jeji.

Ba a ambaci ciwo ba. Maimaitawar Shari'a 34:7 ta ce idonsa bai dushe ba, ƙarfinsa bai ragu ba. Wasu sukan ga kamar wannan ya ci karo da 31:2, inda Musa da bakinsa ya ce ba ya iya fita da shiga kuma. Amma "fita da shiga" a Ibrananci salon magana ne na jagorantar jama'a, musamman zuwa yaƙi, kuma da wannan ma'ana ya zo a Ƙidaya 27:17 wajen neman magaji. Jumlar da ta biyo baya a 31:2 ta fayyace: Ubangiji ya ce ba zai haye Urdun ba. Wa'adin aiki ne ya cika. Tsoho ɗan shekara 120 da ya hau dutse da ƙafarsa ba jinya ce ta kai shi ba.

3. Wane laifi ne ya hana shi shiga ƙasar alkawari?

A Kadesh ruwa ya yanke, jama'a suka taso wa Musa da Haruna. Umarnin da aka ba shi kashi uku ne: ya ɗauki sanda, ya tara jama'a, ya yi wa dutsen magana a idonsu. Na farko da na biyu ya cika. A na uku ya juya ya kira su 'yan tawaye, ya ce ko daga dutsen nan za "mu" fito muku da ruwa, sannan ya bugi dutsen sau biyu. Ruwa ya ɓulɓulo, mutane da dabbobi suka sha, hukunci kuma ya biyo nan take: ba ku gaskata ni ba, ba ku nuna tsarkina a idon Isra'ilawa ba (Ƙidaya 20:12).

Nassin bai ɗora yatsa a kan abu ɗaya ya ce ga laifin ba, shi ya sa manyan malaman Yahudawa suka rabu. Rashi ya ce bugun ne maimakon magana. Musa ɗan Maimun ya ce fushin ne, domin jama'a za su ɗauka Allah ne ke fushi da su alhali ba a faɗi haka ba. Nahmanides ya fi karkata ga kalmar "mu", wadda ta jawo al'ajabin zuwa ga mutum. Zabura 106:32-33 ta ce sun ɓata masa rai har ya yi magana da garaje. Idan aka auna, maganar bakin ta fi bugun nauyi, tunda a kan nuna tsarkin Allah a gaban jama'a hukuncin ya tsaya, kuma abin da kunnuwansu suka ji ke nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa wannan da Fitowa 17. A Refidim, a farkon tafiya, umartarsa aka yi ya bugi dutsen, kuma babu laifi a ciki. Labari biyu ne, wuri biyu, kusan shekara 40 a tsakaninsu, sai dai duka an kira su Meriba, wato jayayya. Masu wa'azi kuma sukan jawo 1 Korintiyawa 10:4 su ce dutsen Almasihu ne, ba a bugunsa sau biyu. Wannan fassarar kwatanci ce, a faɗe ta a matsayin haka. Ba ita ce dalilin da Littafin Ƙidaya ya bayar ba.

4. To me ya sa Musa ya ce saboda jama'a ne aka hana shi?

Sau uku ya faɗi haka: Maimaitawar Shari'a 1:37, 3:26 da 4:21. Ba musun laifinsa yake ba, domin littafin da kansa a 32:51 ya maimaita zancen Meriba. Abin da yake nunawa shi ne shugaba ba ya rabuwa da makomar mutanensa. Tsararsa duka ta ƙare a jeji, ban da Joshuwa da Kalibu, shi ma kamar su ya kwanta bai haye Urdun ba.

Wuri mafi ɗaci shi ne 3:23-27. Mutumin da ya tsaya wa jama'a bayan ɗan maraƙin zinariya aka ji shi, ya sake tsaya musu bayan 'yan leƙen asiri aka ji shi, ya roƙa wa 'yar'uwarsa Maryamu waraka aka ji shi, da ya zo roƙa wa kansa abu guda sai aka ce ya isa, kada ya ƙara tada maganar. Bai ƙara ba. Abin da ya nema bayan an tabbatar masa da mutuwa, a Ƙidaya 27:16-17, shi ne a naɗa wa jama'a wani don kada su zama kamar tumakin da ba makiyayi.

5. Ashe da fushin Allah ya mutu ke nan?

Babi na 34 bai karanta haka ba. Hukuncin ya tsaya, ba a janye ba, amma ko kalmar Meriba ba ta fito a cikinsa ba. A aya ta 5 an kira shi bawan Ubangiji. Nauyin laƙabin yana fitowa idan aka bi Joshuwa: a farkon littafinsa mataimakin Musa ake ce masa, sai a labarin mutuwarsa (24:29) ya samu wannan suna.

Aya ta 5 ɗin ta ce ya mutu bisa ga faɗar Ubangiji. A Ibrananci kalmomin a zahiri "a kan bakin Ubangiji" ne. Daga nan Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa na dā, ya ɗauko maganar cewa da sumba aka karɓi ransa, ba tare da wuyar fitar rai ba. Wannan sharhi ne mai daɗin ji, amma salon ya zo sau da yawa a Attaura da ma'anar umarni kawai, kamar a tashi da saukar zango a Ƙidaya 9.

6. Wa ya binne shi?

Ibrananci ya ce "ya binne shi", mutum ɗaya, ba tare da suna ba. Wanda aka ambata na ƙarshe kafin nan Ubangiji ne, kuma jumlar da ta biyo ta ce ba mutumin da ya san kabarin. Da mutane ne suka haƙa, da an sani. Shi ya sa akasarin Yahudawa da Kirista suka fahimci Allah ne da kansa. Tsohuwar fassarar Girkanci kuwa ta ce "suka binne shi", abin da ya buɗe ƙofar cewa mala'iku ne (duba tambaya ta 8 da ta 12).

Malaman Talmud sun ciro darasi na aiki a nan. Sun ce Attaura ta buɗe da alheri ta rufe da alheri: a farko Allah ya suturta Adamu da Hauwa'u, a ƙarshe ya binne Musa. Don haka suturta matsiraici, duba mara lafiya, yi wa mai makoki ta'aziyya da binne mamaci duk koyi ne da halin Allah. Suna kuma tuna cewa Musa ne ya ɗauko ƙasusuwan Yusufu daren fita daga Masar (Fitowa 13:19), lokacin da kowa ke ta kansa da kayan Masarawa.

7. Me ya sa aka ɓoye kabarin?

Nassi bai ba da dalili ba. Duk abin da za a faɗa ra'ayi ne. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne gudun kada wurin ya koma abin bauta, kuma yana da hujja a tarihin jama'ar. Macijin tagulla da Musa ya ƙera bisa umarni (Ƙidaya 21) ya dawwama har zamanin sarki Hezekiya, ana ƙona masa turare, sai da sarkin ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Idan tagulla ta samu turare, ina ga ƙasusuwan mai ita? Littafin Mahukunta 18:30 ma ya nuna wani Jonatan ɗan Gershom, daga zuriyar Musa, yana firistanci a gaban gunkin kabilar Dan. Abin ya yi wa marubutan Ibrananci nauyi har suka rataya harafi guda a saman sunan don a karanta Manassa.

A lura cewa ɓoye kabari ba al'adar Littafi Mai Tsarki ba ce. An san kogon Makfela a Hebron, an san Yusufu na Shekem, Joshuwa na Timnat-sera, Sama'ila na Rama. Na Musa ne ya fita daban. Abin da ya bari a hannun jama'a littafi ne: ya ba Lawiyawa su ajiye kusa da akwatin alkawari, a kuma karanta wa kowa, har yara da baƙi, duk shekara 7 a Idin Bukkoki (Maimaitawar Shari'a 31:10-13, 24-26).

Kwarin da aka ambata ma ba baƙon wuri ba ne. Daura da Bet-feyor nan ne zangon da Musa ya yi jawabansa na ƙarshe (3:29, 4:46), nan kusa kuma jama'a suka bi Ba'al-feyor annoba ta kashe 24,000 (Ƙidaya 25:9). An faɗi kwarin, an ɓoye gurbin.

8. Ina Dutsen Nebo yake yau, me mai ziyara zai gani?

Yana ƙasar Jodan, kimanin kilomita 10 daga garin Madaba, ita kuma Madaba kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da Amman. Ƙwanƙolin da ya fi tsawo ya kai wajen mita 800 sama da teku, amma inda maziyarta ke zuwa, Siyaga, wajen mita 700 ne. Ba dogon dutse ba ne idan ka taho ta gabas, domin kana kan tudu tun daga Madaba, mota ce ke kai ka har bakin ƙofa. Sai ka tsaya a gefen yamma ƙasa ta zube a gabanka, tunda Tekun Gishiri yana fiye da mita 400 ƙasa da matakin teku.

An gina coci a wurin tun ƙarni na 4. Wata mai ziyara, Egeriya, ta hau tsakanin 381 da 384, ta rubuta cewa masu zuhudun wurin sun nuna mata wani gurbi a cikin cocin suka ce nan mala'iku suka sa Musa. Limaman ɗarikar Faransiskan sun fara tono a 1933, suka fito da daɓen ƙananan duwatsu masu launi na wajen shekara ta 530, mai hoton mafarauta da dabbobi. Fafaroma John Paul na II ya ziyarci wurin a 2000, Benedict na XVI a 2009. A waje akwai ƙirar ƙarfe ta maciji naɗe a sanda, mai siffar gicciye. Cocin na tunawa ne. Masu kula da shi ba sa cewa ga gawar Musa a ciki.

Maziyarta daga Najeriya da ake bi da su Jodan sukan dawo da ƙorafi ɗaya: ba su ga komai ba sai hazo. Kwarin Urdun na tara ƙura da tururi, musamman da rana a lokacin zafi. A je da sassafe, rana na bayanka, kuma watannin sanyi bayan ruwan sama sun fi. A rana mai haske ana ganin Yariko, wajen kilomita 27, da arewacin Tekun Gishiri, da tuddan Urushalima, wajen kilomita 46. Dan da Bahar Rum, waɗanda babi na 34 ya lissafa, ido ba ya kai musu daga nan. Nassin dai cewa ya yi Ubangiji ne ya nuna masa.

9. To maƙamin Annabi Musa da ke kusa da Yariko fa?

Wannan yana hayin yamma na Urdun, cikin jeji, a gefen hanyar Urushalima zuwa Yariko. Baibars, sarkin daular Mamluk ta Masar, ne ya gina shi a 1269, daga baya aka ƙara masa masallaci da ɗakunan baƙi. Shekaru aru-aru Falasɗinawa sukan fito da jerin gwano daga Ƙudus zuwa can a lokacin bazara, a makon da ya dace da Ista ta Otodoks. Masana tarihi da dama na ganin tun farko wurin tsayawar matafiya ne, inda suke hango Nebo a ƙetare, sannu a hankali aka mayar da shi kabarin. Bisa Littafi Mai Tsarki ba zai zama nan ba, tunda Musa bai haye kogin ba. A ɓangaren Musulmi ma malamai ba su haɗu a kan cewa nan ne ba (duba tambaya ta 10).

10. Me Musulunci ya ce game da wafatinsa?

Alƙur'ani bai ba da labarin wafatin ba, duk da ba annabin da aka ambata da suna kamarsa, sau 136. Suratul Ma'ida, aya 20 zuwa 26, ta kawo ƙin shigar Bani Isra'ila da haramta musu ƙasar shekara 40, kuma a can laifin na jama'a ne. Zancen Meriba a matsayin kuskuren Musa ba ya nan.

Bayanin yana hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito. An aiko Mala'ikan Mutuwa, Musa ya mare shi har ido ya lalace. Allah ya mayar masa da idon, ya ce ya koma ya gaya wa Musa ya ɗora hannu a bayan sa, duk gashin da tafinsa ya rufe shekara guda ce. Musa ya tambaya, bayan nan fa? Aka ce mutuwa. Ya ce to yanzu. Sai ya roƙi a kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse. Annabi Muhammadu (SAW) ya ce da yana can da ya nuna kabarin a gefen hanya, wajen jan tudun rairayi. Malamai da dama sun bayyana marin da cewa mala'ikan ya zo a siffar mutum, Musa bai gane shi ba. Bukhari ya sa hadisin a littafin jana'iza, ƙarƙashin babin wanda ya so a binne shi a ƙasa mai tsarki. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa a daren Isra'i an ga Musa tsaye yana salla a kabarinsa, wajen jan tudun nan.

Inda ruwayoyin suka haɗu da Attaura: ya rasu dab da ƙasar, kabarin ba a hannun jama'a yake ba, Yusha'u ɗan Nun, wato Joshuwa, ne ya ci gaba. Inda suka rabu: dalilin rashin shigarsa, da batun zaɓin da aka ba shi. A hira tsakanin maƙwabta ya fi kyau kowa ya faɗi daga wane littafi yake magana.

11. Idan Musa ne ya rubuta Attaura, wa ya rubuta mutuwarsa?

Tambayar tsohuwa ce. Talmud ya kawo ra'ayi biyu: Joshuwa ne ya rubuta aya 8 na ƙarshe, ko kuma Musa ne ya rubuta da hawaye ana yi masa shifta. Filo da Yosefus, marubutan Yahudawa na ƙarni na 1, sun ce annabci ya yi. Ibn Ezra a ƙarni na 12 ya ba Joshuwa babin gaba ɗaya.

Alamu uku a cikin babin suna nuna hannu na baya. "Har wa yau" a aya ta 6 na nufin lokaci ya ja. Sunan Dan a aya ta 1 bai hau garin ba sai zamanin Mahukunta, dā Layish ake ce masa (Mahukunta 18:29). Aya ta 10 kuma ta ce tun daga nan ba a sake samun annabi kamar Musa ba, maganar da sai wanda ya ga annabawa sun wuce zai yi. Masana na zamani da yawa suna kai rubutun can baya, zamanin sarakuna ko na bauta a Babila. Yarda da cewa wani ne ya rufe littafin ba ta rushe koyarwar hurarren nassi a yawancin ikilisiyoyi.

12. Mece ce gardamar Mika'ilu da Iblis a kan gawar Musa?

Aya ɗaya ce, Yahuza 9: Mika'ilu shugaban mala'iku, da yake jayayya da Iblis a kan jikin Musa, bai yi ƙarfin halin zaginsa ba, sai ya ce Ubangiji ya tsawata maka. Labarin ba ya cikin Tsohon Alkawari, ko da yake kalmomin tsawatarwar suna Zakariya 3:2. Orijen, malamin Kirista na ƙarni na 3, ya ce daga wani littafin Yahudawa ne a kan ɗaukar Musa. An buga wani kwafinsa na Latin da aka samu a Milan a 1861, amma ƙarshensa ya ɓace, daidai inda gardamar za ta kasance. Marubutan baya sun ce Iblis ya kafa hujja da Bamasaren da Musa ya kashe (Fitowa 2:12), wai mai kisan kai bai cancanci binnewar daraja ba.

Yahuza bai kawo zancen don bayyana makomar gawar ba. Yana kwaɓar malaman ƙarya ne masu sakin baki. Mai son gina koyarwa a kan ayar ya fara da karanta aya ta 8 da ta 10.

13. Ya mutu da gaske, ko ɗauke shi aka yi kamar Iliya?

Ya mutu. Babi na 34 ya faɗa, Joshuwa 1:2 ya maimaita da bakin Ubangiji. Yosefus ya kawo labarin cewa girgije ya rufe shi ya ɓace a wani kwari, amma ya ƙara da cewa Musa ya rubuta ya mutu don kada a ce ya koma wurin Allah saboda nagartarsa. Iliya kuwa an ɗauke shi a wannan yanki, a hayin Urdun daura da Yariko, mutum 50 suka yi kwana 3 suna nema ba su samu ba (2 Sarakuna 2).

Abin da ke tada tambayar shi ne bayyanarsu tare a kan dutse lokacin sāke kamannin Yesu (Matiyu 17, Markus 9, Luka 9). Cocin Adventist na koyar da cewa an ta da Musa daga kabari, suna haɗawa da Yahuza 9. Yawancin sauran ikilisiyoyi ba su bi haka ba, suna riƙe da 1 Korintiyawa 15:20, cewa Almasihu ne nunan fari. Luka ne kaɗai ya faɗi abin da suke tattaunawa: rasuwar da Yesu zai cika a Urushalima, kuma kalmar Girkancin da ya yi amfani da ita ita ce sunan littafin Fitowa. Masu cewa a ranar Musa ya taka ƙasar alkawari su sani Linjila ba ta ambaci sunan dutsen ba. Tabor al'ada ce, wasu na cewa Harmon.

14. An san ranar da ya rasu?

Ba a rubuta ba, lissafi ake yi. Jama'a sun haye Urdun ran 10 ga watan fari, wato Nisan (Joshuwa 4:19). A cire kwana 3 na shirin guzuri (1:11), a cire 30 na makoki, jimla 33. Kwana 10 na Nisan, sauran 23 na Adar, watan da ya gabace shi, mai kwana 29, sai a faɗa kan 7 ga Adar, wanda kan zo a Fabrairu ko Maris. Ranar da Yahudawa ke riƙe da ita ke nan, kuma ƙungiyoyinsu masu wankan gawa da binnewa sukan yi azumi a ranar. Raunin lissafin shi ne kwanakin da 'yan leƙen asiri biyu suka ɓuya a dutse (Joshuwa 2:22), waɗanda sai an cusa su cikin kwanakin makoki. Yosefus ya ce 1 ga Adar.

15. Yaya rasuwarsa ta bambanta da ta Haruna da Maryamu?

Maryamu rabin aya ta samu: ta rasu a Kadesh, aka binne ta a can (Ƙidaya 20:1). Haruna ya rasu a Dutsen Hor yana da 123, ran 1 ga wata na 5 a shekara ta 40 (33:38-39). Su uku suka hau: Musa, Haruna da Ele'azara. Musa ya tuɓe masa rigunan firistanci ya sa wa ɗansa Ele'azara, mutum biyu suka sauko. Musa kuwa shi kaɗai ya hau, ba riga da aka tuɓe, 'ya'yansa Gershom da Eliyezer ba a ko ambace su ba. Firistanci gado ne, aikin Musa ba gado ba ne. Joshuwa ya samu ta ɗora hannu a gaban jama'a tun maigidansa na raye.

Haruna da Musa dukansu kwana 30 aka yi musu, kuma daga nan Yahudawa suka riƙe makokin wata guda, wanda ya haɗa da na kwana 7 na farko. Sadakar uku da bakwai da arba'in da aka sani a ƙasar Hausa ba daga wannan babi suka fito ba, kada a nema musu hujja a nan.

16. Yaya za a yi amfani da wannan babi a wa'azin jana'iza?

Ya fi dacewa da jana'izar dattijo ko mai hidima da ya bar aiki bai kammalu ba, ko wanda aka binne nesa da gida. Ya dace kuma da inda iyali ba su samu gawa ba, kamar haɗarin jirgin ruwa ko rikici, domin ga bawan Ubangiji da danginsa ba su ɗauki makararsa ba. Karatu uku sun isa: Maimaitawar Shari'a 34:1-8, sai Zabura 90:1-12, wadda kanta ke cewa addu'ar Musa ce, sai Ibraniyawa 11:13-16. Dukansu ba za su wuce minti 6 ba idan mai karatu bai yi gaggawa ba.

Abin da ya fi lalata irin wannan wa'azi shi ne doguwar tsayawa a Meriba. Gwauruwa na zaune a gaba, mai wa'azi na ta bayanin yadda zunubi ɗaya ya hana mutum cin moriyar wahalarsa. Ko bai yi nufi ba, kunnenta mijinta take ji. A bar Meriba ga ajin nazari (tambaya ta 3). Haka mayar da Kan'ana ta zama sama kai tsaye, kamar yadda waƙoƙin haye Urdun suka saba, yana jefa mai sauraro cikin tunanin cewa Musa bai samu ceto ba, alhali Ibraniyawa 11 ta lissafa shi cikin masu bangaskiya. Labarin sumba da na Mika'ilu idan za a kawo, a ce sharhi ne ko al'ada (tambaya ta 5 da ta 12). Idan kuma akwai Musulmi cikin masu ta'aziyya, abin da ba a rasawa a garuruwanmu, a kira shi Annabi Musa, a kuma faɗi sunan littafin da ake karantawa kafin a fara.